Shekarar da Na Rage wa Tifar Haladu Mai

Ku da kuka taso kuka tarar da Baffanku Haladu yana dogara sanda, abin da aka gaya muku shi ne birki ya ƙwace masa a bakin rafi. Haka shi ma yake faɗa, haka Inna kakarku ta riƙe har ta koma ga Allah, ni kuma duk sanda aka ɗauko zancen sai in sunkuyar da kai in ce Allah ya kiyaye gaba. To, birkin motar nan lafiyarsa ƙalau. Ni na duba shi da hannuna kafin abin ya faru, na sake duba shi bayan an janyo ta. Yanzu da idona ya daina ganin ƙananan notuna, na ga gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya riƙe biro, don ba na so ku ji shi a bakin wani ɗan gareji ya ƙara masa gishiri.

Sana'ata kun san ta, gyaran famfon gas ne, wato abin da ke auna wa injin babbar mota man da zai sha. Gadonta na yi a wajen mahaifinmu, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo ubansa Minna har ya kafa gidanmu na unguwar Limawa. Mutum ne mara yawan magana, amma akwai abu biyu da ya dinga nanata mini har na gaji da ji. Na farko, kada in gwada mota fanko in ce na gama aiki, sai na ga yadda take yi da kaya a bayanta. Na biyu, duk abin da na taɓa a famfo in gaya wa direba kafin in miƙa masa makulli, domin ƙafarsa motar jiya ta sani, ba ta san ta yau ba. Shekara da shekaru ina bin wannan da baƙi da 'yan gari, har da direbobin da ko gaisuwarsu ba na son amsawa. Mutum ɗaya na karya wa, shi ne ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Haladu ba irina ba ne. Ni mai ɗaure fuska ne, na san da haka, mamanku ta gaya mini ya fi a ƙirga. Shi kuwa idan ya shigo gida tun daga zaure za a ji dariyarsa, kuma shi ne auta, saboda haka a wajen Inna ba ya laifi. Tuƙi ya koya. Ya daɗe yana jan motocin mutane tsakanin Minna da Kagara, kafin Allah ya hore masa wata tsohuwar tifa wadda bodinta ke da kyau amma injinta ya mutu murus. Muka samo injin wata tirela da ta yi hatsari muka dasa mata, muka haɗa shi da tobo babba, wato fankar nan da ke cusa wa inji iska. Injin ya fi ƙarfin motar, amma Haladu bai ƙoshi ba. Yashi yake ɗauka a rafi ta hanyar Paiko, kuma fitowa daga rafin akwai wani hawa mai tsayi da ke ba direbobi wuya. Yana so a ce tasa ce ke haye shi ba ta ko nishi.

Ya zo gareji ya tsuguna kusa da ni ina aiki, ya ce, "Yaya, ka buɗe mata mai mana. Ka ga tifar Ɗanladi direba yadda take turnuƙe wuri? Har masu lodi tafi suke yi mata."

Na ce, "Hayaƙi ba ƙarfi ba ne, Haladu, man da bai ƙone ba ne. Gas ɗinka kake watsa wa tsuntsaye."

Ya ce, "To a bar tsuntsayen su sha, ai su ma bayin Allah ne."

Na yi dariya, kuma dariyar nan ce ta cuce ni. A saman famfon akwai wani ɗan kofi mai roba da sifirin a ciki. Aikinsa ya riƙe mai, kada ya sake shi da yawa sai tobo ta kawo iskar da za ta ƙone shi. Na fasa dalmar da aka liƙe wurin da ita, na sassauta sifirin, na kwance sukurun mai. Daga ranar, da Haladu ya taɓa totur mai yake kwararowa tun iska ba ta iso ba. A kan kwalta idan ta miƙe ba ka ganin komai a salansa, amma a sulo, wato inji na aiki tana tsaye, ko tana tafiya a hankali, hayaƙi take fitarwa baƙi ƙirin kamar an cinna wa taya wuta. Direbobin yashi kuwa a wajensu wannan shi ne ado. Har suna suka sa mata, wai Hadari. Ta kai Haladu ba ya ma wahalar da kansa da giya ɗaya a hawan rafi, da ta biyu yake tashi, kaya cike, yana ɗaga wa mutane hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne inda motar ke kwana. Saboda masu kwance batir ba ya barinta a tasha, a lungunmu yake ajiye ta, jikin bangon ɗakin Inna. Kullum da safe sai ya tashe ta ya bar ta tana aiki har iskar birki ta cika, sannan ya lallaɓa da ita cikin lungu kamar mai tafiyar ƙasa kafin ya kai titi. Duk hayaƙin nan ta tagar Inna yake shiga. Da ma tana da fuka tun tana yarinya, amma ta yi shekaru ba ta tashi ba. A shekarar nan ta dawo. Labulen tagarta fari ne, ya koma kalar toka. Mamanku ce ta fara yi mini magana. Kun san ta, 'yar mutanen Bida ce, Hausarta ba ta damu da mace ko namiji ba, amma ba ta kwana-kwana.

Ta ce, "Inna bai iya numfashi da safe. Yana ɓoye maka ne. In ka fita yana tari har ya riƙe bango."

Na shiga ɗakin na tarar da ita zaune a bakin gado, ƙirjinta yana ƙara kamar zugazugin maƙeri. Na ce za mu mayar da ita ɗakin da ke can ƙurya. Ta ce ɗakin da mijinta ya gina mata ba za ta bar shi ba sai an fitar da ita a makara. Na ce to Haladu zai nemi wani wurin ajiye mota.

Ta ce, "Kada ka kuskura. Da ƙarar motar nan nake sanin ya fita, in bi shi da addu'a. Tari kuma na tsufa ne, ba ruwan yaron nan."

Yaron nan, a lokacin yana da 'ya'ya huɗu.

Na kai ta asibiti, likita ya ba da abin shaƙa, ya ce a nisanta ta da hayaƙi. Da yamma na tare Haladu a tsakar gida. A nan na yi kuskure na farko, don maimakon in ja shi gefe mu yi magana kamar 'yan'uwa, a gaban matanmu da Inna na yi masa, kuma da irin muryar da nake yi wa direban da ya zuba gurɓataccen gas. Na ce gobe ya kawo motar in mayar da famfon yadda yake, tun bai kashe mana uwa ba. Kalmar nan ta kashe uwa ita ta ɓata komai. Fuskarsa ta canza, ban taɓa ganin ta haka ba.

Ya ce, "Ni zan kashe Inna? Yaya, wa ya buɗe famfon, ni ko kai?"

Na ce, "Kai ka roƙa."

Ya ce, "To motata ce. Da ita nake ci da iyalina. In ka rage mata ƙarfi masu gini su koma wajen wani, kai za ka ciyar da su?"

Inna ta fito tana haki ta ce ta gaji, duk wanda ya ƙara magana bai ɗauke ta uwa ba. Kuma ni ta kalla da ta faɗi haka, ba shi ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Mutum da matarsa da 'ya'yansa, amma uwarsa ta harare shi a kan ƙanensa ya ji kamar ya yi kuka. Na shiga ɗaki na ce wa mamanku na rantse ba zan ƙara yi wa Haladu maganar motar nan ba har abada. Ta ce rantsuwar fushi ce, in yi kaffara in huta. Na yi biris da ita.

Muka yi wajen wata biyu muna gaisuwa sama-sama. Ya yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Ya sa aka lanƙwasa bakin salansar ya kalli ɗaya gefen, ya rage daɗewa a lungu. Amma lungu ƙarami ne, hayaƙin bango yake duka ya dawo. Damina ta shigo, iska ta yi nauyi, Inna ta kai sai an kwantar da ita a kan filo uku. Wata safiya na ga mamanku tana wanke mata kwanon da take tofa majina, na leƙa, abin da ke ciki baƙi ne. Ranar na yanke shawara.

Wata Juma'a aka yi rasuwa a dangin matar Haladu a Kagara, shi da ita suka tafi gaisuwa tun da safe a motar haya. Makullin tifa yana rataye inda ya saba rataye shi a zaure. Bayan an sauko daga masallaci na ɗauka, na kai ta gareji. Na ciro nozul duka, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, na wanke su na gwada feshinsu, biyu suna ɗiga na canza su. Na kakkaɓe matatar iska, na daidaita taimin, wato lokacin da mai ke shiga inji. Duk waɗannan ba su rage mata komai, ƙara mata lafiya ma suke yi, kuma hayaƙin ya ragu da kusan rabi. Da na tsaya a nan da ba abin da zai faru. Amma na tsaya a bayanta ina kallon abin da ya rage yana fita, kwanon nan ya faɗo mini a rai. Na buɗe kofin na ɗaure sifirin, na sa sukundireba a sukurun mai na juya shi ciki zagaye ɗaya. Na tashe ta, saura ɗan kaɗan. Na ƙara rabi. Sai ga salansa tas, ko farin ƙyalle ka kara ba zai yi datti ba. Na ji daɗi irin na mai sana'a, har na yi wa kaina kirari a zuci.

Na fita da ita hanyar Paiko na gwada. Tana tafiya sumul, ba ta taɓa daɗin tuƙi kamar ranar ba. Amma fanko take, kuma a kan kwalta. Na san ya kamata in sauka rafi a cika ta da jiƙaƙƙen yashi in hau hawan nan da kaina. Na kai har mararrabar na rage gudu. Sai na tuna masu lodi duk sun san ni, kafin Haladu ya dawo labari ya riga shi isa gida. Na juya kan mota na dawo. Na ajiye ta daidai inda tayoyinta suka yi shaida, na mayar da makulli, na wanke hannuna da omo har sau biyu kamar wanda ya yi sata.

Washegari da safe ina zaune a zaure ina shan koko ya fito. Ya gaishe ni, ya tashi motar. Ina jin sa ya taka totur sau biyu, ya tsaya, ya sake takawa. Ya sauko ya zaga bayanta ya daɗe. Sannan ya dawo ƙofar zaure ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? Haladu, na rage mata mai, ka tashi da giya ɗaya a hawa. Shi ke nan. Amma faɗin haka yana nufin na karya rantsuwata, kuma na amsa cewa na ɗauki makullinsa a ɓoye, kuma wataƙila a sake yin wata rigimar a gaban Inna. Na ce a raina in ya dawo da yamma, ya ga motar ba ta cuce shi ba, sai in gaya masa muna dariya.

Ya ce, "Yaya, zan fita."

Na ce, "A dawo lafiya."

Hantsi ya ɗaga ina gareji wayata ta yi ƙara. Wani mai lodi ne, dattijo, Bagwari, da muka saba.

Ya ce, "Oga, ka zo rafi yanzu yanzu. Mota na Haladu ya faɗi. Shi yana ciki."

Ban san yadda na tare keke ba, ban san yadda muka isa ba. An yi ruwa da asuba, hawan ya yi santsi. Suka ce ya cika ta fam, ya tashi da giya biyu yadda ya saba. Da ya kai tsakiya, inda da take yin gurnani ta turnuƙe ta haye, sai ta yi sanyi. Ya nemi giya ɗaya, kafin ta shiga inji ya mutu. Ta fara komawa baya. Ya taka birki ya kama, amma tayoyi suka ja a kan laka, sitiyari kuma ya yi tauri tunda inji ba ya aiki. Tayar baya ta faɗa gefen da ruwa ya zaizaye, ta kwanta ta ɓangaren direba. Na tarar mutane suna haƙa da shebur a ƙarƙashin ƙofa. Ƙafarsa ta dama tana danne. Bai suma ba. Da ya gan ni ya kalle ni, na karɓi shebur a hannun wani na shiga haƙa.

Ba a yanke ƙafar ba, amma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, kuma ƙafar totur da birki ce. A asibiti, ranar da Inna ta matsa aka kai ta, ta zauna a gefen gadonsa tana shafa masa kai, ta tambaye shi yadda aka yi. Ina tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Birki ne, Inna. Tsohuwar mota, kin san hali."

Masu lodin da suka ga birki ya kama ba wanda ya musa, don ba a musa wa mai ciwo. Magana ta zauna a haka. Ni kuma na ɗauka bai gane ba ne, na ɗauka a ruɗewar lokacin ya zaci birkin ne da gaske, kuma Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina da hakan.

Abin da ya fi ci mini rai a watannin da suka biyo baya shi ne Inna ta warke. Ba mota a lungu, ba hayaƙi. Kafin kaka ta daina amfani da abin shaƙa, ta koma kwanciya da filo ɗaya, har tana fitowa ta dama wa Haladu kunu da kanta. Mamanku ta wanke labulen ya koma fari. Mutane suna zuwa suna cewa ikon Allah, tsohuwa ta miƙe saboda ɗanta yana bukatarta. Na samu abin da nake nema, kuma ga abin da aka biya yana zaune a kan tabarma a zaure, ƙafa miƙe, yana kallon masu wucewa. Dariyar nan tasa ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma ta daina kaiwa tsakar gida. Na ɗauki nauyin iyalinsa, mutane suna yaba mini zumunci, kowane yabo kamar ana zuba mini barkono a ciwo. Abinci ya daina yi mini daɗi. A gareji na zama abin tsoro, direba ya yi mini tambaya ɗaya in balbale shi da faɗa.

Ranar da aka zo ɗaukar tifar, wani mutumin Paiko ne ya saye ta, bayan an tafi da ita na zauna kusa da Haladu a zaure. La'asar ta wuce, ba kowa sai mu biyu. Ban shirya ba, maganar ce kawai ta fito. Na gaya masa komai, tun daga makulli har zagaye ɗaya da rabi, har mararrabar da na juya. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama na ɗaga kai.

Ya ce, "Ai na sani, Yaya."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun da na taka totur a lungu na duba madubi ban ga komai ba. Wa ke da wannan hannun a garin nan in ba kai ba? Na zaga baya na ga tas. Wallahi daɗi na ji, na ce Inna ta huta. Na zo na tsaya a gabanka ko za ka ce wani abu."

Na ce, "To da ka sani, me ya sa ka tashi da giya biyu?"

Ya gyara ƙafar da hannu biyu, yadda ya koma yi, ya ce, "Da ka yi shiru sai na ce to ba abin faɗa ne. Na ce Yaya ya samo dabarar kashe hayaƙi bai taɓa ƙarfin ba. Don in da ya rage mata ƙarfi, ko duniya za ta tashi sai ya gaya mini. Kai fa ko Ɗanladi da kuke gaba ba ka taɓa ba shi makulli ba ka yi masa bayani ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muna nan zaune har ladan ya kira magariba. Ya ce kada Inna ta ji, kada 'ya'yansa su ji tun yana raye, ba ya so su taso suna kallona da wani ido. Sannan ya miƙo mini hannu ya ce in tashe shi ya yi alwala. Na tashe shi, na riƙe masa buta.

Mun yi shekaru bayan nan a gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Kullum ina cewa gobe zan ce masa ya yafe mini, da bakina, kalmar ta fito ya ji ta. Ina ganin kamar akwai lokaci. Bara da azumi ya kwanta kwana huɗu, rana ta biyar ina gareji aka kira ni cewa ya cika. Ban roƙi gafarar ba, shi ma bai faɗa ba.